Tsakuwa Uku Daga Muzdalifa

Wada Mai Tanti ya fara haɗuwa da Sabo a aikin hajjin 1402, wato watan Satumba na 1982, a filin Arfa, kwana biyu kafin alhazai su iso. Iska ce ta haɗa su. Sabo a lokacin akawu ne a wurin wani mai masaukin alhazai, an ba shi kula da tantunan mutanen Kano, sai guguwa ta taso bayan azahar ta yage masa guda tara. Yana tsaye da takarda a hannu ya rasa abin yi, sai ga wani siririn saurayi ya tsuguna gaban tanti na farko, ya zaro basilla daga jikin hularsa, ya ce da Hausa, "Riƙe mini nan." Sabo ya riƙe. Kafin rana ta faɗi sun ɗinke bakwai. Biyun da suka rage ba su ɗinkuwa.

A Mai Wurno aka haifi Wada, can ƙasar Sudan. Kakanninsa sun baro Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Shi kuwa Sabo kakansa ya ƙarasa tafiyar, saboda haka a Makka aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa, yana da gida a unguwar Zahir. Daga baya shi ya tsaya wa Wada ya zama kafilinsa, wato mutumin da sunansa ke kan takardar zaman baƙo, wadda ake kira ikama. Ba su taɓa yin maganar wannan takarda ba sai ranar sabunta ta. Amma Wada bai taɓa mantawa da ita ba, ko da suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Shagon Wada na unguwar Hindawiyya, faɗinsa taku huɗu, tsawonsa shida. A shekarun farko, wata uku kafin hajji ba ya ganin gadonsa sai bayan isha, tantunan auduga jibge har rufi, ƙamshin kakin da yake goga wa zare ya cika layin. Bayan gobarar Mina ta 1997 aka kafa tantunan da wuta ba ta ci, waɗanda ba su bukatar basilla, aikin ya ja baya. Sai ya koma ɗinkin rumfar mota da tantunan kashta, wato fitar da mutanen Makka ke yi zuwa jeji lokacin sanyi, su kwana ɗaya ko biyu, su gasa nama, su sha iska. Tantin gidan Sabo ma shi ya ɗinka, shi yake kafawa, shi yake naɗewa. Ba a fita kashta sai da shi da matarsa Ramlatu.

Allah bai ba Wada da Ramlatu haihuwa ba. A cikin jikokin Sabo goma sha ɗaya, waɗanda duk Larabci ya fi zama a bakinsu, ɗaya ce kawai take amsa wa Wada da Hausa: Rim, 'yar Nawaf, babban ɗan Sabo. Sauran suna ce masa Ammi Wada, wato baffa da Larabci, kamar yadda ake kiran kowane dattijo. Ita kaɗai take ce masa Kaka. Shi kuma yana kiranta Tsohuwa.

A Mai Wurno, inda Wada ya tashi, kowa ya san wasan kaka da jika. Kaka zai shirga wa jikansa ƙarya mai girman dutse, jika ya rama da wadda ta fi ta, a yi dariya a tashi. Yaro tun yana rarrafe yake gane cewa maganar kaka a wajen wasa ba abin riƙewa ba ce. Wada ya ɗauka Rim ma ta san haka, tunda tana jin Hausa. Bai lura ba cewa in ya tsokane ta takan yi dariya ne kawai, ba ta taɓa ramawa ba. Babu wanda ya koya mata. Abin da aka koya mata a gida da makaranta shi ne, dattijo mai furfura ba ya faɗin abin da babu.

Ranar Alhamis, 13 ga Janairu 2011, suka fita a mota biyu, suka nufi wani kwari bayan Arfa, ta hanyar Ɗa'ifa. Rim tana da shekara bakwai. La'asar ta riske su a Muzdalifa, suka tsaya salla. Wata biyu ke nan da watsewar alhazai. Titunan da motocin safa kan cika maƙil sun zama fayau, fitilu a jere babu mai bukatarsu, sai tsumman harami guda ɗaya da iska ke ja a ƙasa. Da aka idar, Wada ya ga Rim a tsugune tana zuba wani abu cikin gwangwanin alawa.

"Tsohuwa, me kike tarawa? Kuɗin cefane?"

"Tsakuwa ce, Kaka. Bakwai. Irin ta alhazai."

Wada ya dafe ƙirji, ya zaro ido. "Tsakuwar Muzdalifa kika ɗebo? Kai, kin jawo mana! Ai duk wanda ya ɗauki tsakuwar nan sai ya je Mina ya jefi Shaiɗan da ita. In bai je ba, shi Shaiɗan ɗin ne zai biyo shi har inda ya sauka, ya karɓi jifansa."

Ta dube shi, ta dubi gwangwanin. "To in zubar?"

"Ya riga ya ƙirga."

Nawaf ya danna hon, ya ce, "Yalla, yalla, rana na tafiya!" Suka shiga mota. Wada yana ta murmushi shi kaɗai, yana jiran ya ji da wace ƙaryar za ta rama.

A kwarin, yana kafa tanti tana biye da shi, gwangwanin a ƙirjinta. Sauran yara sun bazu suna hawan duwatsu, ita ko taku uku ba ta yarda ta yi nesa da shi ba. Ta nuna masa sawun raƙuma a cikin yashi, ta ce wannan ƙafar ba ta da yatsu. Ya ce ai da ma Shaiɗan ba shi da su. Birai suka yi haushi daga kan tsauni, ta ce su wane ne, ya ce 'yan rakiyarsa ne, sukan riga shi isowa. A gefen tantin akwai wani zagayayyen faci baƙi da Wada ya yi da hannunsa bara, inda garwashi ya ƙona. Rim ta tsaya gabansa ta daɗe, sannan ta ce ido ne, yana buɗewa in iska ta hura. Wada ya yi dariya har guduma ta kusa faɗi daga hannunsa.

"Kaka, yaya yake tafiya?"

"A hankali. Yana ɗingishi. Ke in mutum miliyan biyu suka jefe ki, da gudu za ki yi?"

"Fuskarsa fa?"

"A naɗe take da rawani, saboda kumburi."

"Yana jin Hausa?"

"Hausa ai ita ya fi ji."

Ramlatu tana wucewa da butar shayi ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan haka, ka ga leɓenta ya bushe." Ya ce wasa ne, ita ma ta sani. Ya ci gaba da buga turke.

Aka yi magariba. Maza suka zauna a kan darduma gaban tanti, Sabo yana juya nama a kan gawayi, sauran haske na ja a bayan tsauni. Rim ta ƙi cin komai. Ta zauna a bakin tantin, ta juya wa facin baya, idonta a kan kwarin.

Daga can sai ga mutum ya ɓullo. Wani makiyayin raƙuma ne da ke da garke a bayan tudu, ya ga hayaƙi, ya tatso madarar taguwa cike da kwano ya kawo wa baƙi, kamar yadda mutanen jeji ke yi. Saboda sanyi ya naɗe kansa da fuskarsa, ido kawai ya bari. Saboda kada madarar ta zube yana tafiya sannu sannu, yana jan ƙafa ɗaya a kan duwatsu.

Wada ya gan shi, ya ga Rim ta miƙe, ya kuma gane abin da zai faru. Yana da lokacin da zai kira sunanta. Bakinsa ne bai buɗe ba.

Ta yi kabbara da ƙaramar muryarta, ta jefa tsakuwa ta farko, ta faɗi a yashi. Ta biyu ta bugi kwanon. Ta uku ta sami mutumin a saman gira. Ta huɗu ta tafi iska, domin a lokacin Nawaf ya riga ya cafke hannunta. Kwanon ya kife, madara ta bi ƙasa. Mutumin ya warware rawaninsa, sai ga dattijo mai farin gemu, jini yana bin gefen hancinsa.

Sabo ya tashi da sauri yana ba shi haƙuri, yana goge masa jinin da nasa rawanin. Mata suka fito. Nawaf ya durƙusa gaban 'yarsa, yana haɗa Larabci da Hausa.

"Aib! Abin kunya! Baƙo ya kawo mana alheri ki fasa masa kai? Wa ya koya miki wannan?"

Rim tana haki. Ta nuna da yatsa. "Kaka Wada ya ce Shaiɗan zai zo karɓar jifansa. Ya ce yana ɗingishi. Ya ce fuskarsa a naɗe."

Duk aka juyo.

Wada ya sha tuna wannan lokaci, kuma bai taɓa sama wa kansa uzuri a cikinsa ba. Ya ga jini a fuskar baƙo. Ya ji daga lafazin mutumin cewa ɗan Sudan ne kamarsa, yanzu zai ji an kira shi Shaiɗan da bakin ɗan ƙasarsu. Ya ga Sabo, wanda sunansa ke kan ikamarsa. Ya ga kansa, mutum mai shekara hamsin da huɗu, yana bayani gaban mata da yara cewa ya yi wasa da abin da ya shafi aikin hajji. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

"Ni?" in ji shi. "Ni ban ce mata komai ba. Ƙila a talabijin ta gani."

Sai a nan Nawaf ya mare ta. Ba don jifan ba. "Har da ƙarya? Ki yi wa dattijo ƙarya a gabansa?" Ya fizge gwangwanin ya yi wurgi da shi bayan tanti.

Rim ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta dafe kumatu ta dubi Wada, kallon wanda ke jira a ƙarasa magana. Ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Da gari ya waye makiyayin ya dawo da wani kwanon madara, da filasta a gira, yana dariya. Ya ce yarinyar tana da saiti, a ba shi aronta ta riƙa korar masa karnuka. Ya sha shayi da su, ya tafi. A nan Wada ya gane cewa da ya faɗi gaskiya, da abin bai wuce dariya da ban haƙuri ba. Wajen naɗe tanti ya tsinci gwangwanin a gindin wata ƙaya, da tsakuwa uku a ciki. Ya sa a aljihu. Sai da suka koma gida Ramlatu ta ajiye jaka ta ce, "Na ji ka da kunnena, Malam." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Labarin ya zauna a gidan Sabo. Yara suka laƙaba wa Rim suna Hajiya Jamra, da sunan wurin jifa na Mina. Duk sallah, duk suna, duk kashta, sai wani ya tayar: yadda ta jefi mai madara, yadda ta ɗora wa Ammi Wada. In an zo wurin nan akan juyo a dube shi don ya tabbatar, shi kuma ya yi murmushin da ya fi kama da ciwon haƙori. Rim ba ta sake fita kashta ba. Takan ce tana da karatu.

Ba ta daina gaishe shi ba. Yarinya ce mai ladabi. Sai dai ranar da ya fara ce mata, "Tsohuwa, kin tashi lafiya?" ta amsa da Larabci, "Alhamdu lillah, ya Ammi," ta wuce. Daga ranar bai sake jin kalmar Hausa ɗaya daga bakinta ba, bai kuma sake jin Kaka ba. Ya ɗinka mata jakar makaranta da tamfol mai kyau, mai aljihu uku. Ta ce, "Shukran, ya Ammi." Ya ga jakar daga baya a bayan ƙanenta.

Sau uku ya shirya gaya wa Sabo. Na farko ya tarar da baƙi. Na biyu lokacin sabunta ikama ne, ya ce bari a wuce wannan. Na uku Sabo yana kwance a asibiti, ya ga ba lokacin ɗora masa nauyi ba ne. Sabo ya rasu a 2020. Nawaf, ba tare da an roƙe shi ba, ya mai da takardar Wada kan sunansa, ya kawo masa har shago. Wada ya karɓa da hannu biyu, ya ji kamar an ƙara masa dutse a kan wanda yake ɗauke da shi.

A watan Disamba na 2023 Nawaf ya kawo tsohon tantin gyara, ya zauna a kan buhun igiya yana shan shayi. Furfura ta fara fito masa. Hira ta kai su kan yara. Ya ce Rim tana shekara ta biyu a karatun jinya, malamanta suna yabonta.

"Amma ka san wani abu, Ammi? Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana na taɓa ɗaga wa hannu. Har yau in na tambaye ta ra'ayinta sai ta ce, yadda ka gani, Baba. Ba ta musu da ni, ba ta kuma gaya mini komai." Ya juya kofin a hannunsa. "Nakan ce da na ƙyale ta. To amma ƙarya ce ba na iya ɗauka. Ƙarya a kan mutum kamarka."

Wada ya soke basilla a jikin tamfol. Ya tashi, ya jawo akwatin zare daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauko gwangwanin. Fentinsa ya goge, murfin ya yi tsatsa. Ya ajiye shi gaban Nawaf.

"Ba ta yi ƙarya ba. Ni na yi."

Ya faɗa masa duka, a jere, bai rage ba: Muzdalifa, sawun raƙumi, birai, ɗingishi, rawani. Ya faɗa masa abin da ya tsorata a ranar, har da takardar. Bai ce wasa ne ba, ko da yake wasa ne. Yana magana yana kallon ƙasa, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, shi da yake da shekara sittin da shida.

Nawaf bai katse shi ba. Da ya gama, ya daɗe yana kallon titi, inda tasi biyu suka toshe wa juna hanya ana ta zage-zage.

"Shekara goma sha uku, Ammi."

"Saura wata ɗaya."

"Na mare ta a gaban mutane."

"A kan maganata. Gwangwanin nan nata ne, ka kai mata. Ba na neman ta ce komai. Takardar kuma, duk yadda ka yi daidai ne."

Nawaf ya ɗauki gwangwanin ya fita, bai yi sallama ba, bai ƙarasa shayinsa ba.

Kwana tara babu labari. Wada ya gyara tantin duk da haka. Ya sake igiyoyi huɗu, ya ƙarfafa kusurwoyi, ya cire baƙin facin nan ya sa wani mai launin tantin, murabba'i, wanda sai an matso ake gani. Ramlatu ta tambaye shi me ya hana shi cin abinci, ya gaya mata. Ta ce, "To. Yanzu ka ci." A rana ta goma waya ta yi ƙara. Nawaf ne, muryarsa a daidaice: "Juma'a bayan salla, Ammi. Ka zo da tantin."

Kwarin dai shi ne, sai dai an ja kwalta har kusa da bakinsa, garken raƙuma kuma babu. Da Wada ya sauko daga mota ya ga wata doguwar budurwa da baƙar abaya tana sauke kwanuka daga ɗaya motar. Rim ce, bai san za ta zo ba. Ya ɗauki gudumarsa ya zagaya bayan tanti, inda ba kowa.

Yana jin su daga can. Wani cikin samarin gidan ya ɗaga murya, "La, Hajiya Jamra ta dawo filin daga! A ɓoye masu madara!" Aka fara dariya. Nawaf ya ce, "Halas. Wannan sunan ya ƙare daga yau. Ba yadda muka ɗauka aka yi ba, ni na yi kuskure." Bai ambaci sunan kowa ba. Dariyar ta tsaya, wata ta tambayi inda aka sa gishiri.

Wada ya tsuguna a gaban turke na shida. Hannunsa ba ya riƙe guduma kamar da, sai ya buga uku kafin ɗaya ta zauna. Yana cikin haka wani ɗan abu ya bugi takalminsa, ya gangara cikin yashi. Tsakuwa ce, ƙarama, mai santsi.

"Saura biyu, Kaka."

Hausar ta yi nauyi a bakinta, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Wada bai ɗago ba, domin bai amince da fuskarsa ba. Ya ɗauki tsakuwar, ya share mata yashi da babban yatsa, ya ajiye a kan turken.

"Hannunki ya mutu, Tsohuwa. Da kin fi haka saiti."

"Na bari ne. Tsoho ba ya jure jifa, sai a ce ni na ƙarasa shi."

Iska ta taso daga kwarin, gefen tantin ya ɗaga yana kaɗawa. Wada ya kamo igiyar, ya miƙa mata ƙarshenta ba tare da ya dube ta ba.

"Riƙe mini nan."